Madarar Nyale da Jirgin Yola

"Yola ta yi nisa."

Iyakar abin da Baffa Hamman ya faɗa ke nan, ya ci gaba da tufkar igiyarsa a gindin ɗorawa kamar ba shi ya yi maganar ba.

Munir na durƙushe a gefen tabarma, kansa a ƙasa. Tun daga Yola ya taso don jin amsar neman aurensa, ga shi ya ji. Likitan dabbobi ne, a Tudun Wada ya yi bautar ƙasa, kuma shi ya tsaya a kan garken Baffa shekarar da ciwon huhu ya shigo rugagen Burumburum, har Allah ya sa ko maraƙi ɗaya bai faɗi ba. A nan ya ga Bahijja. Da ya gama aikinsa gangar jikin ce kawai ta koma gida.

Ita kuwa Bahijja tana laɓe bayan zana, kunnenta na wajensu. 'Yar Baffa ce, malamar firamare, doguwa mai ji da kanta, wadda ko a biki ba a cika ganin haƙoranta ba. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ga kukanta ba, amma ran nan hawaye ko sallama ba su yi mata ba.

Ba wai Baffa ba ya son yaron ba ne. Wata doka ce a gidansu tun kaka da kakanni: ba a aurar da 'ya inda madarar safe ba za ta isa da ɗanyenta ba. A tatsi saniya da asuba, a nufi gidan mijin da ita. In ta isa ba ta juya ba, to kusa ne. In ta yi tsami a hanya, magana ta mutu. Yayyen Bahijja dukkansu da wannan dokar aka auna su, ɗaya tana Badafi, ɗaya tana Doguwa.

Munir ya gyara murya.

"Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, a mota ne take da nisa. A mota wuni ne cur, ban musa ba. Amma daga filin jirgin Kano zuwa na Yola kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai a sama. Awa ɗaya ce, ka sauka."

Sai aka ji dariya daga ɗaya gefen tabarmar.

Ubale ne, dillalin masara na kasuwar Tudun Wada, mai motar ɗaukar kaya da babbar riga mai sitaci. Ya daɗe yana neman Bahijja, ta daɗe tana gaishe shi da "sannu da zuwa" ta wuce. Da ya ji labarin baƙon Yola ya iso, sai ga shi wai ya zo duba gonar Baffa.

"Awa ɗaya a sama ko, Likita? To daga nan zuwa filin jirgin fa? Ko a bayan garke zai sauko ya ɗauke ta? Ka fita daga rugar nan, ka kai Tudun Wada, ka kai Kwanar Dangora, ka shiga cunkoson Kano, ka je ka zauna jiran jirgi. Kai dai ka faɗi ɗaya ka ɓoye biyar. Ni kuwa Baffa, daga ƙofar gidana in na yi ƙaho da mota ana ji a nan."

Gaskiya ce mutumin ya faɗa, kuma babu abin da ya kai gaskiya a bakin abokin takara ciwo.

"Kun gama?"

Kowa ya waiwaya. Goggo Furera ce, yayar Baffa, ta fito da ƙwarya a hannu. Tsohuwa ce siririya, ita kaɗai ce a duniya take katse Hamman ya yi shiru.

"Kai Hamman, dokar ta ce a auna da baki ne ko da madara?"

"Da madara, Adda."

"To a tatsa. Ni zan kai ta Yola da hannuna, uwar yaron nan ta ɗanɗana. In ta juya, ni da kaina zan ce masa ya haƙura."

"Adda, ke da ko Kano ba ki son shiga, jirgi za ki hau?"

"Waɗanda ke hawa kai biyu gare su?"

Baffa ya ce ya yarda. Ubale ya yi wuf ya ce to a yi ta irin ta da: ba tafasawa, ba ƙanƙara, ba roba, a cikin gora. Baffa ya gyaɗa kai. Aka tsayar da ranar da ƙaramin jirgin da ke zuwa Yola kai tsaye yake tashi da hantsi.

* * *

Ana gobe tafiya, da la'asar, aka ba su izinin magana a gindin mangwaron ƙofar gida. Goggo na can nesa kaɗan tana kaɗa nono, ta juya musu baya, amma kunnen nan nata yana aiki.

"Likita, in ta juya fa?" Bahijja ta tambaya.

"Ba za ta juya ba, in Allah ya yarda."

"Na ce in ta juya."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Sai in ajiye aikin, in dawo Tudun Wada da zama. Shanu ba su ƙare a nan ba."

"Ka bar Hajiyarka da wa? Kai kaɗai gare ta, ga ciwon ƙafa. Kana so in shiga gidanka da hawayen tsohuwa a kaina?"

"To ke me kike so in yi, Bahijja? Wallahi tun da na bar garin nan ban ƙara jin daɗin abinci ba. In na ga farar saniya a hanya sai in tsaya kamar wawa. Ki ce in yi wani abu, ko mene ne."

Ta sa gefen mayafi ta danne idonta, hawayen suka ƙi dannuwa.

"Ba zan ce ka bar uwarka ba, ba kuma zan taka maganar Baffa ba. Mutumin nan ya sayar da bijiminsa na ji da kai ya kai ni kwaleji, dangi na zaginsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na bi ka ba da yardarsa ba, da wane ido zan ƙara kallonsa? Amma ka sani, in aka hana ni kai, ba wanda zai ce ya same ni. Sai dai in tsufa ina koya wa 'ya'yan mutane baƙi."

"Kar ki faɗi haka."

"Na riga na faɗa."

Namiji guda, likita, ya juya fuska yana share ido da hannun riga. Goggo daga can ta yi tsaki ta ce in sun gama jiƙa mata gindin mangwaro su tashi, gobe da sammako.

* * *

Da asuba bayan salla Bahijja ta hana kowa taɓa saniyar. Nyale ta zaɓa, dabbare-dabbaren nan da ta raina tun tana maraƙa, wadda madararta ta fi ta kowace kauri a garken. Ta wanke hannu, ta wanke hantsar, ta saki maraƙin ya ja kaɗan, ta janye shi. Ta tatsa cikin sabuwar ƙwarya, ta tace, ta ɗura a sabon goran da ta turara da hayaƙi tun jiya. Duk wanda ya ga yadda yatsun nan ke tafiya ya san karatun boko bai ci tarbiyyar ruga ba.

Ta naɗe goran da jiƙaƙƙen tsumma. Ubale, wanda ya yi sammako don ya zama shaida, ya ce ai wannan wayo ne.

"Tsumma ƙanƙara ne?" in ji Goggo.

Aka bar tsumman a jikin goran.

Goggo ta sha baƙin zanenta na saƙi da 'yan kunnen azurfa, ta rungume goran a ƙirji, ta shiga motar da Munir ya ɗauko shata. Baffa ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya saki shanu, yaran kiwo suka kora su daji. Bahijja ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta.

Ranar ba ta je makaranta ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Waya na hannunta. Munir ya kira sun wuce Kwanar Dangora. Ya kira sun shiga Kano, Goggo ta buɗe goran ta shinshina ta ce lafiya lau. Zuciyar Bahijja ta fara sanyi.

Hantsi ya ɗaga, wayar ta sake ƙara.

"Bahijja..."

Daga jin muryar ta san ba lafiya ba.

"Mene ne? Ta juya?"

"Ba ta juya ba. Masu binciken kaya ne suka tare mu. Sun ce ba a shiga cikin jirgi da abu mai ruwa mai yawa haka. Na roƙa, na yi bayani, sun ce doka ce, ba su suka kafa ta ba. In an sa shi cikin kaya kuma goran fashewa zai yi, Goggo ma ta ce ba mai raba ta da shi. Laifina ne, na san dokar nan sarai, wallahi ɗoki ne ya mantar da ni. Ga shi ana kiran fasinja. Bahijja, ki yafe mini, ina jin sai dai mu juyo..."

Ta ji muryar Goggo a kusa tana cewa, "Ba ni abin nan!" Sai layin ya yanke.

Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

* * *

Ba ta ɓoye ba. Ta wanke fuska, ta je gindin ɗorawa ta durƙusa ta gaya wa Baffa yadda aka yi, Ubale na zaune yana ji.

"To alhamdu lillahi," in ji Ubale, yana gyara hula. "Magana ta ƙare ke nan. Madara ko jirgin ba ta shiga ba, balle Yola. Ni dama na san..."

"Malam Ubale," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "da mahaifina nake magana."

Baffa ya dubi Ubale, ya ce ya ɗan ba su wuri. Ya tashi yana ƙunƙuni ya koma jikin motarsa.

"Baffa, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Madarar kake so ta riƙa zuwa, ko ni?"

Tsohon ya ajiye igiyar.

"Ke kina ganin mugunta nake yi miki."

"Ban ce ba, Baffa."

"Ban ce ki auri Ubale ba. Ban taɓa yi wa 'ya dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Amma ki duba ni da kyau, gemun nan ya yi fari. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ba za a ajiye ni ana jiran motar Yola ba. Da safe in na tafi, kafin azahar an rufe ni. Ki zo ki tarar da ƙasa? Ranar da za ki haihu, uwarki ta kwana a hanya? Ranar da ya ɓata miki rai, ki rasa inda za ki je ki sha ruwa ki huce? Mutanen da ba su san kilomita ba, shi ya sa suka auna da madara. Ba don madarar ba ne."

Bahijja ta fashe da kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya.

"Na sani Baffa, wallahi na sani. Ni ma ba na son in yi nisa da kai. Amma ina son sa. Ban taɓa faɗa maka da bakina ba saboda kunya, yau na faɗa. In ka ce a'a, a'a ce, ba za ka ji na yi abin da zai sunkuyar da kanka ba. Sai dai kar ka ce in yi murna."

Baffa ya kau da kai yana kallon gonar masara. Idonsa ya kaɗa, amma bai yarda ta gani ba.

"Tashi ki shiga gida. Su dawo tukuna."

Azahar ta yi ba su dawo ba. La'asar ta yi shiru. Daga Kano ai da tuni sun iso, ko a keke suke. Innar Bahijja ta fara salati tana cewa ko haɗari suka yi. Ubale ya ƙi tafiya, ya ce zai jira ya yi wa Likita jaje, har da sayo lemo. Wayar Munir dai a kashe.

* * *

Rana ta yi ja, aka fara jin kukan shanu daga bakin rafi suna dawowa. Suna shigowa ta gabas, sai ga mota ta ɓullo ta yamma tana tangaɗi a kan burtali.

Goggo Furera ta fito tana taku ɗai-ɗai, kai a sama, sai ka ce ita ta ƙera jirgin. Goran na rataye a kafaɗarta. Munir na biye da ita da wani ƙullin kaya, duk ya yi zuru-zuru.

"Adda, ina kuka tsaya tun safe?" Baffa ya tambaya.

"Yola."



"Wace Yolar?" in ji Ubale.

"Guda nawa ka sani?"

Ta nemi tabarma ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Sai da ta sha, ta gyara ɗaurin kallabi, ta bari kowa ya matsu, sannan ta fara.

"Yaran nan masu kaki suka ce in zubar da madarar a kwandon shara. Madarar Nyale! Na ce tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an zubar da madara da gangan ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Na zauna a nan gabansu na buɗe goran na sha. Na miƙa wa babbansu na ce sha, ɗana. Ya yi dariya, ya sha. Ta bayansa ta sha. Wani mai kwat da ke layi ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro, shi ma ya sha. Muka shanye tas. Na ce to yanzu goran wofi ma laifi ne? Suka ce wuce, Mama."

"Wayar fa?" Bahijja ta tambaya daga bakin zana.

"Tana cikin lalitata. Yaron nan kuka ya so ya yi ta yi miki a ciki, na ƙwace."

Munir ya sunkuyar da kai, yara suka ƙyalƙyale.

"Muka hau. Hamman, abin nan ya ɗaga, na ga gonaki sun koma kamar faifai. Na ce bari in ja carbi. Aka kawo mini shayi, ban gama hura shi ba aka ce mu ɗaura ɗamara za mu sauka. Na ga wani kogi shimfiɗe, aka ce Binuwai ne. Na shiga gidansu, na ga uwarsa, mace mai mutunci, da Fulatanci muka gaisa har ta yi hawaye. Na ga ɗakin da za a sa yarinyar. Na yi azahar a kan dardumarta, na ci tuwonta, jirgin nan dai da ya kai mu shi ya juyo da mu. Ga tsarabarta nan."

Munir ya kwance ƙullin. Man shanu ne a kwano, da busasshen kifi, da turmin atamfa.

Ubale ya miƙe tsaye.

"Duk mun ji, Goggo, sannu da hanya. Amma sharaɗi sharaɗi ne. An ce madara ta isa Yola uwarsa ta ɗanɗana. Ta isa? Ba ta isa ba. Baffa, kai mai magana ɗaya ne, kowa ya sani."

"Ba ta isa ba," in ji Munir a hankali. "Gaskiya ne, Baffa."

Bahijja ta runtse ido. Ta dafa zana.

Goggo ta dubi ƙaninta.

"Hamman, da na fita da safe ina shanunka?"

"Ana sakin su."

"Yanzu fa?"

Baffa ya waiwaya. Ga su nan suna shiga garke, ana ɗaure maruƙa, ko rabinsu ba a gama ba. Ya daɗe yana kallonsu. Shekara da shekaru yana auna duniya da tafiyar dabbobin nan, yau ga yayarsa ta je Adamawa ta ci abinci ta dawo, su ko kiwon wuni ba su ƙarasa ba.

"Ubale," ya ce, "na gode da zirga-zirga. Allah ya haɗa ka da rabonka."

Ubale ya dubi fuskar tsohon, ya kwashi lemonsa ya nufi mota.

"Likita, matso."

Munir ya matso da rarrafe.

"Ranar da aka kira ka aka ce jikina ya yi zafi, ba za ka ce mata ta bari sai gobe ba."

"Wallahi Baffa ko ina bakin aiki ne, da kaina zan kawo ta."

"Ba rantsuwa na tambaye ka ba. Na ji. Ka je ka turo magabatanka."

Innar Bahijja ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Bahijja ta zame ta durƙusa a inda take, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Munir ya rasa bakin godiya, sai "Allah ya saka, Allah ya ƙara girma" yake ta maimaitawa.

Baffa ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Saura ɗaya. Ka gaya musu ban yarda su hau jirgi ba. A mota za su zo, tun daga Yola har ƙofar nan."

"A mota, Baffa? Ai wuni ne..."

"Na sani. So nake su ji nisan a ƙugunsu, su san daga inda suka ɗauko ta."